Tambaya da Amsa: Daimon na Masana'anta, Kwancen Agogo da Jaka Mai Fasfo

Wasiƙun wannan wata duk sun karkata ne kan kayan alatu da yadda fasaha ke juya kasuwarsu. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan ado na mata. An kawo mini daimon da aka ce a masana'anta aka yi shi, farashinsa ƙasa sosai. Na ɗora shi a kan na'urar gwaji ta nuna na gaske ne. To jabu ne ko ba jabu ba? Kuma in zuba jari a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba jabu ba ne. Daimon kabon ne zalla da ya daskare cikin wani tsari na musamman, kuma na masana'anta da na ƙarƙashin ƙasa duk wannan tsarin gare su: tauri ɗaya, ƙyalli ɗaya, nauyi ɗaya. Kamfanin General Electric na Amurka ya fara yin sa tun 1954, sai dai a lokacin ƙanana ne marasa kyau, na wasa ƙarfe da haƙa rami. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ana iya yin manya, farare tas, da yawa, a kan kuɗi kaɗan.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, wadda ake kira HPHT, ana sa ɗan ƙwayar daimon a matsayin iri tare da kabon da narkakken ƙarfe, a matse su da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau dubu 50 zuwa dubu 60, cikin zafin digiri 1,300 zuwa 1,600. Ta biyu, CVD, ana shimfiɗa siririn yankin daimon cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a tura iskar metan da haidurojin, a zafafa su har kabon ya rabu ya riƙa sauka a kan irin, shafi bisa shafi, na 'yan makonni. Na farkon yakan fito da ɗigon ƙarfe a ciki, har wani lokaci maganaɗisu mai ƙarfi ya ja shi. Na biyun yakan fito da ɗan launin ƙasa-ƙasa, sai a sake gasa shi don ya yi fari.

Na'urarki ba ta yi ƙarya ba, amma ba wannan tambayar aka ƙera ta ta amsa ba. Abin da take aunawa shi ne saurin da zafi ke bi ta cikin dutse, don ta raba daimon da gilashi. Tunda duka biyun daimon ne, duka za su wuce. Hasali ma akwai wani dutse, moisanait, da ba daimon ba ne sam amma yana yaudarar irin wannan na'ura, sai an haɗa da mai auna wutar lantarki. Don raba na ƙasa da na masana'anta, sai ki fara da madubin ƙara girma ki duba ƙugun dutsen, wato siririn gefen da ya raba sama da ƙasa. Yawancin waɗanda aka tantance suna da lambar da aka zana da leza a wurin. Ki ɗauki lambar ki shigar a shafin cibiyar da ta ba da takardar, kamar GIA ko IGI, ki gwada nauyi da awon da aka rubuta da na dutsen da ke hannunki. Karat ɗaya giram 0.2 ne. In awon ya saɓa ko da kaɗan, ki tsaya, domin 'yan damfara sukan zana lambar dutsen ƙasa a kan na masana'anta mai kama da shi. Dutse mai tsada da ba shi da lamba kuwa sai ɗakin gwaji, inda hasken ultrabayolet ke nuna yadda ya girma.

Batun jari shi ne inda za mu ja miki kunne. A 2018 kamfanin De Beers, wanda ya shafe ƙarni yana riƙe da kasuwar daimon, ya fito da nasa na masana'anta da sunan Lightbox a kan dala 800 kowane karat. A 2024 ya rage zuwa 500, a watan Mayun 2025 ya sanar da rufe shi, saboda farashin sari ya faɗi warwas. Dalili a bayyane yake: duk abin da inji zai iya ƙara yi gobe, farashinsa yana gangarowa ne zuwa kuɗin wuta da na aiki, kuma masana'antun Sin da Indiya kullum ƙara injuna suke. Don haka ki ɗauke shi a matsayin kayan kwalliya, ki saro kaɗan-kaɗan, ki juya da sauri, kada ki tara. Ki rubuta a rasit cewa na masana'anta ne, ki kuma gaya wa mai saye cewa in ta dawo da shi don sayarwa, kuɗin zinaren da ke riƙe da dutsen ne kawai abin da za ta iya dogara da shi.

Tambaya: Na ji ana cewa agogon Suwizalan na hannu ya fi ajiyar banki. Ina son in sayi kwance. Me zan duba?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka labarin 2021 yake ba ka. A lokacin kuɗin ruwa ya yi ƙasa, mutane na zaune a gida saboda annoba, masu kuɗin kirifto na neman abin saye, sai wasu agogunan ƙarfe na Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet suka riƙa tafiya a kasuwar kwance da ninkin farashin kanti. Abin ya kai ƙololuwa a farkon 2022. Da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a watan Maris na shekarar, kirifto kuma ya rushe, farashin ya yi ta zamewa fiye da shekara biyu. Mafi yawan agoguna, har masu suna, da zarar sun bar kanti darajarsu take raguwa.

Amma kasuwar kwancen kanta ba inda za ta, har masu ƙerawa sun shigo ta. Richemont, mai Cartier, ya sayi Watchfinder a 2018. Rolex ya fara sayar da kwancensa da ya tantance a Disambar 2022, da garantin shekara biyu. Ka lura da abin da suke sayarwa a nan: kwanciyar hankali, kuma mutane na biyan ƙari dominta.

In kai za ka tantance da kanka, kada ka tsaya a kan kwali da kati, su ne mafi sauƙin bugawa. Nauyi da santsin tafiyar hannun daƙiƙa ma sun daina zama hujja, domin jabun zamani har injin ciki suke kwaikwaya. Ka je da mai sayarwa wurin mai gyaran agogo da kai ka zaɓa, ya buɗe baya ya duba injin, sannan ya ɗora shi a kan na'urar sauraron bugu. Za ta ba ka lambobi biyu masu amfani. Na farko, daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa a yini: agogon da ke ɗauke da shaidar COSC, cibiyar gwada daidaiton agogo ta Suwizalan, bai kamata ya yi jinkirin fiye da daƙiƙa 4 ko gaggawar fiye da 6 ba lokacin da yake sabo. Na biyu, faɗin lilon da ƙafar injin ke yi: in an murɗa shi ya cika an kwantar da shi, lafiyayye yakan ba da digiri 270 zuwa 310. In ya sauka ƙasa sosai, mai ya bushe ko haƙora sun ci, sai ka cire kuɗin gyara daga farashin tun kafin ka biya.

Agogon da ke gudu da mintoci a yini sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, maganaɗisu ya kama. Murfin kwamfuta ko maɓallin jaka kan sa siririn sifirin ɗin ciki ya manne da kansa, ya gajarce, agogo ya yi ta sauri. Cire shi aikin minti ɗaya ne. Abin da ba ya gyaruwa shi ne gogewa. Duk lokacin da aka goge jiki don ya yi ƙyalli, ƙarfe ake ci. Ka duba ƙahonin da ke riƙe da madauri: in gefunansu sun yi laushi sun zama kamar an tsotsi alewa, an goge shi fiye da kima, kuma masu tara agogo suna rage masa kuɗi sosai. Haka wanda aka liƙa wa daimon daga baya, ko aka canza masa fuska da wadda ba ta kamfanin ba. Daga ƙarshe ka bincika lambarsa a rajistar agogunan sata, irin su The Watch Register, domin agogon sata in ya je gyara wurin kamfani ana iya riƙe shi.

Tambaya: Ina yin jakunkuna da takalman fata, ina fatan fitar da su waje. Mene ne wannan fasfon kaya da ake ta magana a kai?

Amsa: Ranka ya daɗe, ka yi tambayar a kan lokaci. A Yulin 2024 wata dokar Tarayyar Turai kan ƙera kaya masu ɗorewa ta fara aiki, kuma a cikinta akwai fasfon kaya na lantarki: alamar da za a ɗora a jikin kaya, a haska da waya, ta nuna da me aka yi shi, daga ina, yadda ake gyara shi da yadda za a sake sarrafa shi. Ba a ɗora wa kowane kaya lokaci guda ba, rukuni-rukuni ake bi. Batiran motocin lantarki ne a gaba, daga Fabrairun 2027, a ƙarƙashin tasu dokar. Tufafi, kujeru, katifu, tayoyi da ƙarafa suna cikin jerin farko da aka fitar a 2025. Dokar ta shafi duk abin da za a sayar a kasuwar Tarayyar, ko a ina aka ƙera shi, kuma tun kafin ta iso kan kayanka manyan masu sari za su fara neman bayanan.

Manyan kamfanonin alatu sun riga sun yi nasu. A 2021 LVMH, mai Louis Vuitton, da Prada da Cartier suka haɗu suka kafa Aura, kundin bulokcen, wato rajistar lantarki da ba a iya goge abin da aka rubuta a cikinta, da ke ajiye tarihin kowane kaya. A shekarar ce kuma Chanel ya daina ba da katin shaida ya koma dasa 'yar ƙwayar lantarki a cikin jaka.

Ga inda gizo ke saƙar. Lambar QR hoto ce, duk mai injin buga takarda zai iya kwafe ta ya liƙa a kan jabu dubu. Ƙwayar NFC, wadda waya ke karantawa in an kusanto da ita santimita kaɗan, ta fi tsaro in irin wadda ke ba da sabuwar lambar sirri a kowace taɓawa ce. Ko ita ma ana iya farke ta daga jakar gaske a ɗinka a ta bogi, shi ya sa ake dasa ta inda cire ta zai ɓata kayan. Shi kuwa bulokcen hana goge rubutu kawai yake yi. In ƙarya aka rubuta tun farko, ƙaryar zai adana har abada.

Abin da za ka fara yau ba ya bukatar wata na'ura. Ka ba kowane zubin kaya lamba. A ƙarƙashin lambar ka rubuta irin fatar da ƙasar da ta fito, majemar da ta jeme ta da ko da sinadarin kurom aka jeme ko da ɓawon itace, irin zaren da shafin ciki da kason kowane abu cikin ɗari, wanda ya kawo zif da ƙarafa, ranar gamawa. Ka ajiye rasitan. Masu ƙananan sana'a ba a kan fasahar suke faɗuwa ba, a kan rashin sanin inda fatar bara ta fito suke faɗuwa.

Tambaya: Me ya sa manyan kamfanonin alatu ke kukan rashin ciniki alhali farashinsu ƙaruwa yake?

Amsa: Ƙarin farashin na cikin abin da ya jawo kukan. Daga 2020 zuwa 2023 sun yi ta ɗaga farashi ba tare da kayan sun canza ba. Attajirin gaske bai damu ba, amma ma'aikacin da ke tara albashi don ya sayi jaka ɗaya a shekara, wanda shi da ire-irensa ne suka cika kantunan, ya ja da baya. Rushewar kasuwar gidaje a Sin ta ƙara dagula lissafi. Cinikin LVMH ya sauka daga yuro biliyan 86.2 a 2023 zuwa 84.7 a 2024, na Gucci ya ragu da kashi 23 cikin ɗari a shekarar.

Sannan ga abin kunya. A 2024 wata kotu a Milan ta Italiya ta sa wani reshen Armani da wani na Dior ƙarƙashin kulawarta, a 2025 ta ƙara da Loro Piana, saboda 'yan kwangilar da ke yi musu ɗinki suna bautar da ma'aikata. Takardun shari'ar sun nuna jakar da aka biya mai ɗinki yuro 53 a kanta ana sayar da ita 2,600. Mai saye ya ji, kuma bai manta ba.

A daidai wannan lokacin cinikin Hermès ya tashi daga biliyan 13.4 zuwa 15.2. Shi wannan kamfani baduku ɗaya ke haɗa jaka daga farko har ƙarshe ya buga alamarsa a ciki. Ɗinkin da allura biyu ake yi a kan zare ɗaya mai kakin zuma, kowace allura ta bi ta huji ɗaya daga nata ɓangaren, ta yadda in zare ya tsinke a gefe guda ɗayan na riƙe. Ɗinkin keke kuwa in ka ja bakin zaren sai ya warware. Horar da mai irin wannan hannu yana ɗaukar lokaci mai tsawo, don haka kayan ba sa yawa, ba sa kwantai. Kwantan ma yanzu ya zama nauyi: Burberry ya ƙone kayan fam miliyan 28.6 a shekara guda kafin surutun jama'a ya sa ya daina a 2018, Faransa ta haramta lalata kayan da ba su sayu ba daga 2022, kuma dokar Turan da muka ambata ta hana manyan kamfanoni lalata tufafi da takalma daga Yulin 2026.

Tambaya: Shin kayan alatu na lantarki, da kayan da ake saye a duniyar intanet kawai, suna riƙe daraja?

Amsa: A'a, Malama. A 2015 Apple ya fitar da agogon zinare mai karat 18 a kan dala 10,000 zuwa 17,000. A 2018 ya daina samun sabuwar manhaja, a 2023 kamfanin ya sa shi cikin kayan da ya daina gyarawa. Agogon da ake murɗawa na shekarar 1960 kuwa har gobe akwai mai gyara shi. Nike ya sayi RTFKT, mai yin takalman da babu su sai a allo, a Disambar 2021, bayan shekara uku ya sanar da rufe shi. Duk abin da rayuwarsa ta rataya a kan batir da aka manne ko kwamfutar wani kamfani, ki saye shi don jin daɗi, ki lissafa shekarunsa da yatsun hannu ɗaya.

Tambaya: Ina so in sa ƙirƙirarriyar basira ta riƙa amsa wa abokan cinikina saƙo dare da rana. Ta ina zan fara, kuma me ke lalacewa?

Amsa: Alhaji, ka fara da sanin halin abin. Irin waɗannan manhajoji, da suka bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo ne bisa ɗimbin rubutun da suka koya. In ba su da amsa ba sa yin shiru, sai su ƙago wadda ta yi kama da gaskiya, cikin ladabi da tabbaci. Kuma abin da ta faɗa kai ka faɗa. A Fabrairun 2024 wata ƙaramar kotu a Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja, bayan manhajarsa ta gaya masa zai iya neman rangwamen tafiyar makoki bayan ya yi tafiyar, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya ce manhajar ce ke da alhakin maganarta, kotu ta yi watsi da wannan. A ƙarshen 2023 ma wani ya lallaɓi manhajar wani dillalin motoci a Kalifoniya har ta amince ta sayar masa da sabuwar mota dala ɗaya.

Don haka aikin farko na takarda ne. Ka tattara ƙa'idojinka na mayar da kaya, garanti, kai kaya da biyan kuɗi wuri guda, ka goge tsofaffin. In takardu biyu suna karo da juna, manhajar za ta ɗauki kowacce ta ga dama. Sai a haɗa ta da waɗannan takardu ta yadda daga cikinsu za ta riƙa ɗauko amsa, a kuma umarce ta ta miƙa wa mutum duk abin da ba ta samu a ciki ba. Farashi da adadin kayan da ke sito kada ka bari ta faɗa da ka, ta karanto su kai tsaye daga rajistar kayanka. Rangwame, mayar da kuɗi, da duk wani alkawari su zama sai mutum ya sa hannu.

Kafin ka sake ta, ka ɗebo tsofaffin saƙonni ɗari na gaske, da kurakuran rubutunsu da gajerun kalmominsu da cakuɗa harsunan da masu sayenka ke yi, ka ba ta, ka duba amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ka sa wani ya yi ƙoƙarin yaudararta da gangan. Bayan ta fara aiki ka riƙa karanta wani kaso na hirarrakin kowane mako, domin masu manhajar suna sabunta ta, halinta ya canza ba ka sani ba. Ka gaya wa mai saye cewa da inji yake magana, kuma kada ka zuba lambobin katin banki ko adireshin mutane a manhajar kyauta da ba ka karanta sharuɗɗanta ba.

Kada kuma ka yi saurin sallamar ma'aikata. Klarna, kamfanin biyan kuɗi na Suwidin, ya yi shelar a 2024 cewa manhajarsa na yin aikin mutum 700, a 2025 shugabansa ya amsa cewa ingancin ya ragu, za su sake ɗaukar mutane. Ka bar wa injin tambayoyin "kayana sun taso?" da "akwai lamba 42?". Mai sayen da ya zo a fusace, ko wanda zai kashe kuɗi mai yawa, a sa maɓallin da zai kai shi ga mutum tun daga saƙon farko, a kuma tura wa ma'aikacin duk hirar da aka riga aka yi don kada a sa shi maimaita bayani.